Wai mece ce Hausar abincin da ya haɗa iri-iri kuma babu wanda ya danne wani?

Malama Nas: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da sanyi. Don Allah ina neman taimakon masu Hausa. An sa ni in rubuta 'yar takarda da za mu manna a ɗakin awo da rigakafi kan yadda iyaye za su riƙa ciyar da yaran da suka wuce wata 6. Abin da nake so in faɗa shi ne abincin ya zama iri daban-daban, kuma kowane iri ya shigo gwargwadonsa kar wani ya danne wani, kalma ɗaya nake nema ko biyu da za ta ɗauki duka. Na rubuta daidaitaccen abinci yadda nake ji a rediyo, jiya na gwada karanta wa matan da suka zo, sai wata baiwar Allah ta ce min ai Malama ni kullum daidai nake ba shi, kofi ɗaya na kunu da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare, ban taɓa ƙarawa ba ban taɓa ragewa ba. Kunun masara zalla fa jama'a. Wlh sai da jikina ya yi sanyi don ba ƙarya ta yi ba, abin da kalmar ta gaya mata ke nan.

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam Anti. Ki sa abinci mai gina jiki mana, kowa ya san wannan.

Malama Nas: Ƙanina tun bara na gwada shi. Da ka ce mai gina jiki abin da ke zuwa kan mace nama ne da ƙwai da madarar gwangwani, sai ta ce Malama mu da muke fama da neman na masara ina muka ga kuɗin wannan, shi kenan ta toshe kunne. Kuma ko a makaranta ai kashi uku aka koya mana, masu gina jiki, masu ba da ƙarfi, masu kare jiki daga cuta. In na ce mai gina jiki ɗaya na kira na bar biyu.

Maman 'Yan Biyu: Abinci kala-kala. An gama, a tashi taro.

Malamin Hausa: Maman 'Yan Biyu zauna tukuna, ba a gama ba. Kala-kala da iri-iri da nau'i-nau'i da launi-launi duk yawan bambanci suke nunawa, babu ruwansu da awo. Kala ma aro ce daga Turanci, launi da nau'i daga Larabci, iri ce tamu ta gado, shi ya sa take nufin abin shuka take kuma nufin jinsin abu. Ki tuna farantin ranar suna, shinkafa, taliya, waina, soyayyen dankali, doya, ga burodi a gefe. Kala shida cif. Amma Malama Nas ta gaya mana ko jiki ya san kala shida ya ci.

Malama Nas: Malam ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. A lissafinmu duk shidan nan abu ɗaya ne. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi ga yaro ɗan wata 6 zuwa 23 rukuni 8 ne. Nonon uwa, sai hatsi da su doya da dankali da rogo duk a rukuni guda, sai wake da gyaɗa da danginsu, sai madara da kindirmo, sai nama da kifi, ƙwai shi kaɗai da rukuninsa, sai ganye da kayan marmari masu bitamin A irin su karas, kabewa, gwanda, mangwaro, alayyafo, zogale, sai sauran kayan lambu da na marmari. Ana so a yini yaro ya samu aƙalla 5 cikin 8. To mai kunun masara da nonon uwa 2 take da shi. Farantin sunan nan kuwa in ba nama a kai 1 ne, duk hidimar da aka sha a kicin.

Mai Shago: Ku dai kuna wahalar da kanku. A rubuta balans kawai, Jos ce fa, wa bai san balans ba.

Ɗan Gangare: Hhhh Alhaji a shagonka in an ce balas ai cikon kuɗi ake nufi. Ba yaronki abinci mai balas, sai ta zauna jiran a biyo ta da canji.

Oga Bakanike: Mu kuma a 'Yan Taya balansin na taya ne. In mota tana karkarwa a kan gudu sai a ɗora tayar a inji a ga gefen da bai kai ba a liƙa mata ɗan ƙarfe ƙarami. Ba ruwana da gardamarku, na dai faɗi nawa.

Alaramma: Assalamu alaikum. Kalmar da ta fi kusa a wurinmu ita ce mizani, a farkon Suratur Rahman aya ta 7 zuwa ta 9 sau uku aka ambace shi, kuma a Baƙara aya ta 143 an kira al'ummar nan matsakaiciya. A kan cin abinci kuwa ga Suratul A'araf aya ta 31, a ci a sha kada a yi almubazzaranci, ga kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki uku, sulusi abinci, sulusi abin sha, sulusi numfashi. Sai dai gaskiya duk waɗannan awo suke magana a kai, kar a wuce iyaka. Ba su ce miki a canza miya ba. Don haka in kin rubuta abinci bisa mizani kin koma gidan jiya, mai kofi ɗaya za ta ce nata mizanin ya fi na kowa.

Ɗan Gangare: Allah ya gafarta Malam ai akwai inda Bani Isra'ila suka ce ba za su iya haƙuri da abinci guda ɗaya ba, suka nemi ganye da albasa da sauransu, ko ba haka ba? Ka ga ko su sun gaji.

Alaramma: Akwai, Baƙara aya ta 61, amma ka ƙarasa karatun ɗan samari, ba yabonsu aka yi a wurin ba, an ce musu za ku musanya abin da ya fi alheri da wanda bai kai shi ba. Kar ka kafa hujja da ita a gaban matarka.

Maman 'Yan Biyu: Ai ba shi da ita Malam, shi ya sa kullum indomi.

Ɗan Jarida: Ni dai ban ga laifin daidaitaccen abinci ba. Shi ake faɗa a gidajen rediyo, shi yara ke gani a littattafan makaranta, in kowace nas za ta ƙirƙiro nata ai ba za mu taɓa samun kalma tsayayya ba. Kalma da amfani take zama gari. Wa ya san Majalisar Ɗinkin Duniya kafin a yi ta maimaita ta? Ko farar hula, ko jirgin sama? Yau ko yaro ya sani. Mace ɗaya ba ta gane ba sai a yi mata bayani, ba a jefar da kalma ba.

Malamin Hausa: Ɗan Jarida misalanka ma ni suke goya wa baya. Jirgin sama ya zauna ne don Bahaushe ya riga ya san jirgin ruwa, ɗinki ya zauna don kowa ya san abin da allura ke yi wa ɓaraka. Hoton yana cikin kalmar tun kafin a yi bayani. To wane hoto ke cikin daidai? Raba daidai, tsawonsu daidai, takalmin ya yi min daidai, ƙarfe biyu daidai. Ko dai abu biyu sun yi kai ɗaya, ko abu ya dace da ma'auninsa. Babu inda daidai ta ce a kawo wani abu daban. Matar nan ta fi mu jin Hausa.

Ɗan Jarida: To kawo taka Malam, suka ba wuya.

Malamin Hausa: Ina tunani. Akwai haɗa, akwai gauraya, akwai cakuɗa, babu wadda ta kwanta min. Gauraya babu awo a cikinta, cakuɗa kuwa ta fi karkata ga ɓaci, al'amura sun cakuɗe. Haɗa ta yi faɗi da yawa, har haɗin gambiza haɗi ne.

Ɗan Bokkos: Sannunku da hira. Dankali sabon haƙa ya sauko, mai so buhu ko rabi ya yi min magana ta gefe.

Admin: Ɗan Bokkos talla sai ranar Asabar don Allah, mun sha faɗa.

Hajiya Mai Gwate: Salamu alaikum 'ya'yana, yanzu jikata ta karanta min abin da kuke ta yi tun safe, ita ke rubuta min. Ni ban yi boko ba amma abin da kuke nema ai sirki ne. Mu iyayenmu haka suke cewa, a riƙa sirkawa. In an yi tuwo kwana biyu sai tsohuwa ta ce yau a sirka da ɗanwake ko dambu, in miyar kuka ta yi yawa a ce a sirka da taushe. Kuma ku da kuke garin nan wa bai san sirka ruwan wanka ba, watan Disamba da asuba ka sauke tukunya tana tafasa ka juye a bokiti, ba mai iya sa hannu, sai ka riƙa zuba na sanyi kaɗan kaɗan kana taɓawa da bayan hannu, in na jariri ne ma da gwiwar hannu, har ya zo yadda jiki ke so. In ka zuba da yawa ka ɓata itacenka a banza, in ka zuba kaɗan ka sale yaro. To ba shi kuke nema ba? Wani abu daban ya shigo, kuma ya shigo da awo.

Malama Nas: Allahu akbar. Hajiya Allah ya ƙara girma, wlh ina karantawa ina dariya ni kaɗai, kalmar da nake faɗa kullum a gidana.

Malamin Hausa: Hajiya na cire hula. Tun azahar nake juya kai ban tuno ta ba. Kuma ku lura da abu biyu da ta faɗa ba tare da ta raba su ba. Sirkin ruwa a bokiti ɗaya yake faruwa lokaci guda, sirkin tuwo da ɗanwake kuwa a jere yake, yau wannan gobe wancan. Kalma ɗaya ta ɗauki na cikin kwano da na cikin mako, kuma Malama Nas duka biyun take so.

Maman 'Yan Biyu: Mu surka muke cewa a gidanmu, surka ruwa. Wanne ne daidai?

Malamin Hausa: Duka ana faɗa, kamar biki da buki ne. Ki riƙe na gidanku.

Mai Shago: Ku tsaya, kun yi saurin tafi. Ni a kasuwa na tashi tun babbar kasuwar Taminus tana tsaye kafin gobarar 2002, kuma a kasuwa in an ce an sirka abu ba yabo ba ne. An sirka manja, an sirka zuma da sikari, an sirka nono da ruwa, an sirka fetur da kananzir, an sirka sabuwar shinkafa da tsohuwa. Sirkakken kaya kowa gudunsa yake. Yanzu ki je ki rubuta sirkakken abinci a bangon asibiti, wata za ta ce to fa, yau kuma likitoci ke cewa a ba yara algus.

Ɗan Jarida: Yawwa Alhaji, Allah ya biya. Ga shi nan tun ba a je ko'ina ba.

'Yar Bukuru: Alhaji a bar masu nono su huta don Allah, ba kowa ke zuba ruwa ba, kuma masu shago ma mun san abin da ake yi wa mudu.

Mai Shago: Ban kama suna ba ƙanwata.

Malamin Hausa: Maganar Alhaji tana da ƙarfi, ba za a share ta ba. Amma a duba, me ya mai da sirkin nono laifi? Ba zuba ruwan ba ne, don kai da kanka in ka sayi kindirmo mai kauri za ka dama fura ai sai ka zuba ruwa. Laifin ɓoyewa ne, a sayar maka da ruwa da sunan nono. Wannan shi ke da sunansa daban, algus. Sirka ita kanta ba ta da laifi ba ta da lada, aikin hannu ne kawai, sai an ga me aka sirka da me kuma wa aka gaya wa. Inda na yarda da Alhaji shi ne siffar. Sirkakke yana da warin kasuwa, gaskiya ne, kunnena ma bai so shi ba. Amma a riƙa sirkawa, ko a sirka masa, wannan muryar uwa ce a tsakar gida. Don haka Malama kar ki nemi suna, ki yi amfani da aikatau, ki ba su umarni yadda Hajiya ta faɗa.

Hajiya Mai Gwate: Ni ban san aikatau ɗin da Malam ke faɗa ba, aikatau da na sani na gidan masu kuɗi ne. Amma ku zo ku ga gwate in kuna son ganin sirki da ido. Shekarata talatin da wani abu ina yi. Ruwa ya tafasa da ƙashi da wake ya yi laushi, ka kawo tsakin masara ko acca kana zubawa kana juyawa, nan ne aka samo daidai ruwa daidai tsaki don in tsaki ya fi ƙarfi ka yi tuwo ba ka shirya ba, in ruwa ya fi ka yi tsululu. Sai yakuwa, ita ce mai tsami, in ta yi yawa haƙori ya mutu, sai ka karya ta da alayyafo. Gauta kaɗan don ɗan ɗacin nan, in ka cika ta yara su ture kwano. Dakakkiyar gyaɗa, albasa, attaruhu, in akwai kabeji da karas daga kasuwar Farin Gada a watsa, ganye kuma a ƙarshe ake sa shi kar ya mutu a wuta. Kowane ɗaya shi kaɗai ba ya ciyuwa, wa zai zauna ya ci yakuwa zalla. Kuma ba daidai ake zuba su ba, tsaki ne babba, sauran kowa da ɗan rabonsa.

Malama Nas: Hajiya bari in ƙirga miki. Tsaki 1, wake da gyaɗa 2, naman jikin ƙashi 3, alayyafo da karas 4, kabeji da gauta da albasa 5. Kwano ɗaya kin cika biyar ɗin da ake nema, in yaro yana shan nono 6 ke nan. A rage yaji kawai a dama masa da laushi. Mu muna can muna neman abin da za mu fassara daga takardun Turawa.

Bakano a Jos: Fate dai kuke nufi, wai gwate. Hausar Jos sai ku.

Ɗan Gangare: Malam ka zo garin mutane kana shan gwatensu kana gyara musu suna. Ka koma Kano ka sha zafi.

Ɗan Abuja: Na shigo a makare amma maganar Hajiya ta ƙarshe ta tsaya min, ba daidai ake zuba su ba. Mu nan a sakatariya kullum cikin rigimar kalmar nan muke. Abin da tsarin mulki ya tanada tun na 1979, yanzu sashe na 14(3) a na 1999, shi ne kar mutanen wasu jihohi kaɗan ko wata ƙabila su mamaye gwamnatin tarayya da ma'aikatunta, sashe na 147(3) kuma ya ce a ɗauko minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha cikin 36, har hukuma aka kafa a 1996 don sa ido. A Hausa sai aka riƙa ce mata raba daidai. To da mutum ya ji raba daidai sai ya ɗauko kalkuleta, an ba su uku an ba mu biyu. Alhali ko bautar ƙasa da Gowon ya kafa a 1973 ba rabo ba ne manufarta, a ɗauki ɗan Sakkwato a kai shi Kalaba ne a kawo ɗan Kalaba Pankshin. Wannan ai sirki ne ba rabo ba.

Ɗan Jarida: A nan kam ban yarda ba ko kaɗan. Sirki yana da uwa yana da 'ya, Hajiya da bakinta ta ce tsaki ne babba. In ka ce a sirka ma'aikata, su waye tsakin su waye gautar? Wa zai yarda a ce shi ne ɗan ruwan sanyin da aka zuba? A maganar haƙƙi daidaito ake nema da adalci, kowa ɗan ƙasa ne cikakke. Ku bar sirki a kicin.

Malamin Hausa: Wannan karon ka kama ni, na ba ka. Sirka tana ɗauka cewa akwai abin da ya fi yawa sannan a kawo masa abokin tafiya. Shi ya sa muke cewa yana sirka Hausa da Turanci, Hausar ce gindi, in Turancin ya rinjaya sai a ce Ingausa yake yi. A wurin rabon muƙami wannan aibi ne. A wurin Malama Nas kuwa shi ne amfaninta gaba ɗaya, don ba wanda zai iya ce wa matar da ke da masara kawai a ɗaki ta daina kunu. Ce mata ake ki bar kununki yadda yake, ki kawo masa ɗan wani abu. Irin ɗan ƙarfen da Oga Bakanike ke liƙa wa taya.

Oga Bakanike: Ashe dai na yi magana.

Baba Na Rikkos: Ni abin da ya taɓa ni daban ne. Mu da muka tashi a garin nan kafin rikicin 2001 mun san unguwa a sirke, gidanmu na haya ɗaki takwas ne, Birom, Ibo, Bahaushe, Angas, Bayarabe, famfo ɗaya. Da Sallah tuwo da waina su zaga, da Kirsimeti shinkafa ta zago. Tun kakanninmu da suka zo haƙar kuza haka aka zauna. Yanzu kowa ya koma cikin nasa, jikokina ba su da aboki ko ɗaya da ba sunansu iri ɗaya ba. Ban ce laifin wane ba ne, kalmar ce kawai ta tuno min.

Ɗan Bokkos: Baba gaskiya ne, Allah ya kawo mana zaman lafiya. Ni ma a Nasarawa na yi firamare.

Admin: Amin Baba. Amma don Allah a tsaya nan, mun san inda irin wannan hirar ke kai mu a gidan nan. A koma kan takardar Malama.

Ɗan Bokkos: To a kan takardar ina da magana, ba talla ba ce Admin. Anti ki tuna matan da ke zuwa wurinki ba duka Hausawa ba ne. Mu Hausa muke yi a kasuwa da coci, amma ba irin ta Hajiya ba. Ni sirka a ruwan wanka kawai na san ta, yau na fara jin ana sirka abinci. Abin da kuke nufi dai mun san shi a gona, in ka yi ta sa dankali a wuri ɗaya shekara da shekaru cuta za ta zauna a ƙasar, dole ka canza da masara, kuma masu sa wake a tsakanin hatsi sun san ƙasa na jin daɗinsa. Amma kalmar kam mamata ba za ta gane ta a rubuce ba sai an ba ta misali.

Malama Nas: Na gode Oga, wannan shi ne abin da ban yi tunani ba. To ga abin da na tsara ku duba min. A sama da manyan baƙi, A RIƘA SIRKA WA YARO ABINCI. A ƙasa, kamar yadda kike sirka ruwan wankansa. Kunu kullum ba laifi, amma yau da gyaɗa, gobe da waken suya, jibi da ƙwai ko garin kifi. A sa ganye a miya, a ba shi gwanda ko ayaba ko lemo in an samu. A ci gaba da ba shi nono har shekara 2.

Maman 'Yan Biyu: Ki ƙara zuma Anti, tana da kyau a kunu.

Malama Nas: A'a Maman 'Yan Biyu, zuma ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Bari ma in sa wannan a takardar tunda kin tuna min.

Ɗan Jarida: Ni dai a sa daidaitaccen abinci ko da ƙananan baƙi ne a ƙasa, don in ta ji a rediyo ta san abu ɗaya ake nufi.

Malama Nas: An sa Yallaɓai, kar ka kai ni jarida.

Alaramma: Rubutun ya yi. Abu ɗaya kawai, a kula da mai bugawa. Tsakanin sirka da wata kalmar harafi ɗaya ne, kuma waccan ba abin wasa ba ce.

Ɗan Gangare: Hhhhh Malam wlh ni ma sai yanzu na gani.

Malama Nas: Slm jama'a, na dawo da rahoto. Jiya Talata ranar rigakafi na gwada da baki kafin a buga. Da na ce a riƙa sirkawa wata ta ce au Malama dama sirkawa kawai kike nufi duk surutun nan na watanni, ai da kin faɗa tuntuni. Wata daga Anguwan Rukuba ta yi shiru, na ce yadda kike yi wa ruwan wankan bebi, sai ta yi dariya ta ce to in sa ruwan sanyi a kunu? Aka yi ta dariya, sai ta kusa da ita ta yi mata bayani da yarensu, ka ga Oga Ɗan Bokkos ya yi gaskiya. Wata kuma irin Alhaji ce, ta ce ita mijinta ya hana ta sayen sirkakken abu. Mai kofi ɗaya ba ta zo ba, sai wata mai zuwa ne ranarta, ita nake jira.

Hajiya Mai Gwate: In ta zo ki turo min ita in nuna mata yadda ake daka gyaɗar, wasu ba sa cire ɓawon.

Malama Nas: Innalillahi. Jama'a an kawo takardun yanzu daga wurin mai bugawa, guda 50 manya masu kala. A RIƘA SHIRKA WA YARO ABINCI. Na kira shi ya ce wai ya ɗauka ni na manta harafin shi ne ya gyara min, kuma sai na sake biya.

Alaramma: La haula. Kar ki manna ko ɗaya.

Ɗan Jarida: Daidaitacce dai ba a taɓa yi masa haka ba.

Malama Nas: Yallaɓai ka bar ni da abin da ke damuna. Wa ke da farin ruwan nan na goge rubutu? H ɗin kawai zan bi in shafe ɗaya bayan ɗaya, ba ni da kuɗin sake bugawa kafin albashi.

Mai Shago: Guda uku suka rage min. Ki aiko yaro kafin la'asar, kuma ya zo da canjinsa, ba ni da balas.